Akwatin da Ba Ya Karɓar Taimama

A Tasawa, a shekarar farin nan na tamanin da huɗu, shagona na gyaran rediyo yana jingine da zauren Mai Nasara, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Saboda haka duk abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko kuwa na ji ta ramin da ɓera ya yi mana kyauta a gindin katangar. Ban taɓa toshe ramin ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Mai Nasara tsoho ne. Ya yi shekara talatin yana share dispansar, wato ƙaramin asibitin garin, da wanke kwalabe tun zamanin Faransawa, can ma ya samo sunan. Da likitan ƙarshe zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wani tsohon akwatin katako wanda shi kansa gadonsa ya yi wurin kakansa. Tun daga ranar Mai Nasara ya daina amsa kiran mai shara. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, masu ciwon kafaɗa da sanyin ƙashi suka fara sallama, wani ya zo da ƙwai, wani da ɗan gero.

Sau ɗaya na taɓa buɗe akwatin, ranar da igiyarsa ta tsinke ya kawo mini gyara, ya tsaya a kaina kamar zan sace masa aljani. Babu aljani a ciki, babu ko pil, wato batir, irin na rediyo. Wani babban mayen ƙarfe ne lanƙwasasshe, bakinsa biyu suna kallon gefe ɗaya. A gabansa akwai dunƙule biyu na siririyar wayar jan ƙarfe, an naɗe su kamar zaren tela. Daga waje akwai hannun juyawa irin na keken ɗinki. In ka juya shi, wata ƙafa mai haƙora ta ja igiya, igiya ta juya dunƙulen nan, su riƙa wucewa ta bakin mayen ƙarfe. Kowace wucewa tana tayar da kuran, wato wutar lantarki, a cikin wayar, ya bi igiyoyi biyu ya fito ta wasu bututun tagulla biyu da mara lafiya ke riƙewa. Juya a hankali, ka ji kamar tururuwa na tafiya a hannunka. Juya da sauri, tsokar hannu ta damƙe, yatsu su ƙi buɗuwa sai an tsaya. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake turawa bakin mayen ya shanye masa ƙarfi, in an janye shi akwatin ya fito da ainihin halinsa.

Abu ɗaya ya rage, kuma a kansa muka saɓa. Kuran ɗin akwatin nan ba ya ratsa busasshiyar fata. Shi ya sa likita yake sa mutane su jiƙa hannu da ruwan gishiri kafin su riƙe bututun. Na gaya wa Mai Nasara haka, ya dube ni kallon da ake yi wa wanda bai yi karatu ba.

"Ƙadri," in ji shi, "kai rediyo ka sani. Wanga ba jiƙa hannu ba na, alwalla ta. Akwatin ba shi aiki ga marar tsarki. Shekara talatin ina kallon likita, kai kana ina?"

Na ce to, na ɗaura igiyar, ya ɗauki abinsa.

Duk masu zuwa zauren nan ba su dame shi kamar mutum ɗaya ba, matarsa Furera. Shekara biyu kafin farin ta tashi wata safiya hannunta na dama ya ƙi motsi, ko ludayi ba ya ɗagawa. Tun daga lokacin, kullum bayan sallar asuba, kafin kowa ya yi sallama, sai ta shigo zaure. Ya ɗaura mata bututu ɗaya a tafin hannun da tsumma, ya riƙe ɗayan da hagunsa, ya sa damansa yana shafa mata hannun daga kafaɗa zuwa yatsu, ita kuma tana juyawa da hagu. Kuran ya bi ta jikinsa ya shiga nata. Ina jin ƙarar haƙoran nan ta ramin ɓera ina dama koko, da muryarsa yana cewa, "Kin ji shi?" ita kuma tana cewa, "Kaɗan-kaɗan, Malam." Dukansu da ɗanyar alwala a hannu suke zama, don haka akwatin bai taɓa ba shi kunya a kanta ba, shi kuwa ya ƙara sakankancewa tsarki ne.

Sai fari ya zo. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rijiyoyi suka yi ƙasa, mata suka koma kwana a bakin rijiya suna jiran guga ɗaya. Ruwan da ke shiga gidan Mai Nasara a rana bai wuce na sha da na sallah ba, ga masu ciwo kuwa sun ƙaru, don yunwa tana tono ciwon da mutum ya manta. Tsoho ya zauna ya yi nazari, ya fito da fatawa: inda babu ruwa ai taimama ta halatta. Ya sa aka cika faifai da yashi mai tsabta aka ajiye kusa da akwatin. Duk wanda ya zo, ya buga tafi a yashi, ya shafa, ya riƙe bututu.

Na leƙa na ce, "Baba, akwatin nasara bai san taimama ba."

Ya ce, "Wanda ya hi nasara ya karɓa, balle akwati."

'Yan biro, wato ma'aikatan ofis, da 'yan kasuwa masu laushin hannu da gumi sukan ɗan ji wani abu, su tafi suna yabo. Rigimar ta zo ne daga ƙauyen Korgom a kan amalanke. Danda sunansa, mai haƙar rijiya, kafaɗarsa ta riƙe saboda aikin shekarar nan ya yi masa yawa. Tafin hannunsa kuwa kanta ce a kan kanta, ko ƙaya ba ta shiga. Ya yi taimama, ya riƙe bututu. Mai Nasara ya juya, ya juya, har rawaninsa ya karkace. Danda yana zaune yana kallon rufin zaure.

"An hwara?" in ji Danda.

Da Mai Nasara ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma zauren cike yake da mutane, kuma tsohon ba ya iya ganin an raina akwatinsa. Ya share gumi ya ce, "Akwati lahiya tai lau. Kai dai ka bincika, halan akwai abin da ba ka wanke ba tun daga gida."

Aka kwashe da dariya. Danda bai yi ba. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, bai zame ko'ina ba sai wurin jandarmomi, 'yan sandan soja.

Lokacin mulkin soja ne, kuma a shekarar an sa ido sosai kan masu cutar mayunwata, masu ɓoye hatsi da masu sayar da maganin ƙarya. Abin da aka kama, a bainar jama'a ake cinna masa wuta. Da labari ya zo cewa ajudan, babban jandarmomin garin, da kansa zai zo, na ga tsoro a fuskar Mai Nasara karo na farko. Ba ƙwai da geron yake tunani ba. Ya ce mini a hankali, "In sun ƙone shi, hannunta hwa?" Wallahi ya ba ni tausayi, duk da taurin kansa. Na sake roƙonsa ya sa ruwa, ya ce yau da ake zarginsa da ƙarya ba ranar canza fatawa ba ce.

Ajudan Amani ya iso da hantsi, dogo, da gashin baki a gyare, jandarma biyu a bayansa, Danda a bayansu. Yana jin Hausa sarai, amma a gaban jama'a ya fi son Faransanci. Unguwa duk ta taru a ƙofar zaure. Ya dubi akwatin, ya dubi faifan yashi, ya ce shi ba ya hukunci da jita-jita.

"Ni zan riƙe da kaina, tsoho. In na ce a tsaya, akwatinka gaskiya na, ka riƙe abinka. In ban ce ba, yau shina cin wuta."

Mai Nasara ya miƙa masa faifai. Ajudan ya buga tafi a yashi da kyau, har da ƙari, ya riƙe bututu. Tsoho ya yi bisimilla ya juya. Ya juya har numfashinsa ya fara fita da ƙara. Ajudan ya yi murmushi, ya ce yana jin wani abu kamar ƙuda ya sauka a hannunsa, ya ajiye bututun, ya yi wa yaransa alama su ɗauka.

Nan Furera ta fito daga cikin gida da ƙwarya a hannun hagu. Ta durƙusa kaɗan ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ba a shigo gidanga a hita ba a taɓa ruwa ba, ko da fari. Dubi hannunka duk ƙasa, za ka ɓata kakin gwamnati. Kawo in zuba maka."

Babu mai kaki da zai ƙi tsohuwa a gaban unguwa. Ya miƙa hannu biyu, ta zuba masa a hankali har tsakanin yatsu. Ina kusa, na ga launin ruwan, na kuma ji warinsa. Ruwan kanwa ne da ta jiƙa don miya, wanda a wurin kuran ya fi ruwan gishirin likita. Ashe duk gardamar da muke yi da mijinta tana ji, ramin ɓera ta gefe biyu yake aiki.

"Malam ya tsuhwa, ƙarhinshi ya ƙare," in ji ta. "Bari in juya maka sau guda. In ba ka ce komi ba, ɗauki akwatin, ni zan ba ka ashana."

Ajudan ya yi dariya ya sake riƙe bututun, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Furera ta zauna, ta sa yatsa ta janye ɗan ƙarfen nan daga bakin mayen har ƙarshe, ta dafe akwatin, ta fara juyawa.

Da farko gashin bakinsa ne ya motsa. Sai kafaɗunsa suka hau sama, gwiwoyin hannunsa suka manne da haƙarƙari. Ya so ya saki bututun, yatsu suka ce ba su san zancen ba. Furera ta ƙara sauri, fuskarta a kwance kamar mai kaɗa nono. Hular ajudan ta zame ta rufe masa ido ɗaya, babu hannun gyarawa. Yaransa suka ƙame suna kallon katanga, don wanda ya yi dariya ya san inda zai kwana. Na ba shi haƙƙinsa, namiji ne, ya daure fiye da yadda na zata. Daga ƙarshe ya fitar da wata kalmar Faransanci ta tsakanin haƙora.

"Mi ya ce?" in ji Furera, tana juyawa. "Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba."

"Inna," in ji Ajudan Amani da Hausa tsantsa, "don Allah tsaya."

Ta tsaya. Bututun suka faɗi a tabarma. Ya gyara hularsa, ya buɗe yatsunsa ya rufe yana dubansu, sannan ya juya ga Danda ya ce ya zo ya riƙe. Furera ta zuba wa Danda sauran ruwan kanwar, ta ce ya bari kantar ta sha. Ba a yi juyi goma ba mai haƙar rijiya ya ambaci sunan mahaifiyarsa. Ajudan ya yanke hukunci a tsaye: akwati ya zauna, faifan yashi ya fita, kuma Mai Nasara ya ba Danda haƙuri a gaban waɗanda ya kunyata shi. Tsoho ya bayar, da ƙyar, yana ƙunƙuni cewa dama alwala ta fi taimama in ruwa ya samu.

Jama'a suka watse, na koma shago na ɗauki wata rediyo da ba ta da ciwon komai, na zauna kusa da ramin ɓera. Can na ji muryar Mai Nasara.

"Ke. Da wane hannu kinka juya?"

Sai a lokacin ni ma na tuna. Da hagu ta dafe akwatin.

Ya ƙara jefo mata tambaya.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan sallar layya, Malam."

Ko akwatin ne ya tayar da hannun, ko lokaci ne, ko ikon Allah kawai, ni mai gyaran rediyo ban sani ba. Abin da na sani, wata huɗu ke nan tana ɗaukar ƙwarya da hagu a gabansa. Na ji ya ja numfashi zai fara faɗa, ta riga shi.

"Shekara arba'in muna tare, ba ka taɓa riƙe mani hannu da rana ba sai da ya mutu. In na ce ya tashi, sakin shi za ka yi."

Sai na ji ya fyace hanci sau biyu, ya ce ƙurar yashin nan ce.

Washegari bayan asuba ina dama koko, sai ga ƙarar haƙoran akwati ta ramin, a hankali, kamar kullum. Da hantsi ya fito ya tarar da ni a ƙofar shago. Ban tambaye shi komai ba, amma ya tsaya, ya gyara rawani, ya ce, "Hannun bai gama warkewa ba, Ƙadri. Irin wanga ciwo shina ɗaukar shekaru."