Kawun Jirgin Ruwa

Mu da aka kwaso daga Indiya zuwa gonakin rake na Natal a Afirka ta Kudu, ba wanda ya zo da danginsa. Turawa hannun aiki suke nema, ba zuri'a ba. Ban ji zafin wannan sosai ba sai da 'yata Fulmati ta tashi aure.

A al'adarmu ta Hindu, kafin ɗaurin aure amarya takan ciji ganyen mangwaro, kawunta ya zuba ruwa a kai, uwarta ta sha daga hannunsa. Haka ma ake yi wa ango. Ni kuwa yayana na ciki ɗaya yana can ƙauyenmu, ban ma san ko yana raye ba.

Uwar ango, Rajwantiya, mace ce mai ji da asali, kai ka ce ba rake take sara kamar kowa ba. Ta aiko mini cewa in babu kawu, babu aure, ɗanta ba zai ɗauki marar tushe ba. Fulmati ta daina cin abinci, don ta mutu a kan yaron.

Sai na aika wa Ilahi Baksh. Jirgi ɗaya ya kawo mu, kuma da zazzaɓi ya kayar da ni a tsakiyar teku, shi ya riƙa ɗura mini ruwan shinkafa. Tun daga nan nake ce masa Yaya. Musulmi ne, ya gama kwantiraginsa, yana noman lambu a bakin kogin Umgeni.

Ranar biki ya iso barikinmu da hularsa da gemunsa, ya rungumo sabon zane.

"Wannan ne kawun?" in ji Rajwantiya, ta juyo gare ni. "Sukdiya, ki rasa wanda za ki kawo sai mai salla? A garinmu ko randarmu ba zai taɓa ba."

Ilahi kuwa ko a jikinsa.

"Gaskiyarki, uwar ango," ya ce. "To ina kawun ɗanki, mu gaisa?"

Ta nuna wani tsoho mai suna Danpat da ke zaune a gindin rumfa. Ilahi ya ƙura masa ido.

"Malam, wallahi kamarku ɗaya da ƙanwar taka, kamar akuya da zakara."

Tsohon ya tuntsure da dariya. "Ina fa! Ni baduku ne, ɗan baduku. A gida ko inuwata ba za ta taka ba. Jirgi ne ya haife mu, ni na riƙe mata kai tana amai har muka ga tudu."

Rumfa ta ɗauki dariya. Rajwantiya ta ja mayafi ta rufe fuska, can sai muka ga kafaɗunta na rawa.

"Allah wadaranka, Yaya Danpat," ta ce. "A kawo ganyen, rana na yi."

Fulmati ta ciji ganyen. Ilahi ya yi bisimillarsa a hankali, ya zuba ruwan, na sunkuya na sha. Na yi kuka, don na tuna yayana na gida, kuma na yi murna, don 'yata ta sami tushe a ƙasar nan.

"Sha duka, ƙanwata," ya ce. "Jikoki na tafe, za su nemi dangi."