Na'urar da Ta Koyi Cewa Ban Sani Ba

Fa'izu ya haɗa wata 'yar na'ura a shagonsa na gyaran waya a Talata Mafara. Aikinta ɗaya ne: ta auna ƙarfin sabis, ta nuna wa mutum inda zai tsaya ya yi kira. Ya aika wa yayarsa Murja da ita Gidan Goga, don mijinta yana fataucin shanu a Kudu, sabis kuwa a garin sai an yi farautarsa.

Ranar kasuwa sai ga Murja ta shigo tana ɗingishi.

"Yaya, ina gajiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau."

Ƙafafunta duk sartse da sawun ƙaya. Amma haka muke, ko mutum na fitar da rai, lafiya lau zai ce. Sai da gaisuwa ta ƙare ta dire na'urar a gabansa.

"Injiniyan gidanmu, abarka maƙaryaciya ce. A cikin gari layi ɗaya take nunawa. Na bi ta har bakin rafi, sai ta cika maƙil. Na tsaya ina ta danna kira, shiru. Ban ankara ba na ji baburan mutanen daji. Cikin sarƙaƙiya na kwanta har suka wuce."

Fa'izu ya ɗauki na'urar. Ya buɗe kwamfuta, ya bi umarnin da ya rubuta wa na'urar layi-layi. Laifin nasa ne. Ana auna sabis da lambobin ƙasa da sifili, wadda ta fi kusa da sifili ita ce mafi ƙarfi. In ma'aunin ya kasa jin komai, sifili yake mayarwa, ma'ana bai samu awo ba. Fa'izu kuwa bai ware wannan ba, sai na'urar ta ɗauki rashin sani a matsayin cikar ƙarfi.

"Yaya, ba ta ji komai ba a rafin nan. Lafiya lau kawai ta ce miki."

Ya ƙara sharaɗi ɗaya a cikin umarnin, sannan ya zare eriyar na'urar don kar ta ji sabis, ya miƙa mata. Fuskar na'urar ta rubuta: Ban sani ba.

"In kin ga wannan, ki juya gida. Kar ki tsaya."

Murja ta jujjuya ta a hannu. "To, yanzu ta yi hankali. Saura mai ita."

Fa'izu ya dubi ƙasa. "Ya ƙafar, Yaya?"

Ta buɗe baki za ta ba da amsar da aka saba, sai ta fasa.

"Ciwo take. Tashi ka samo mini magani."