Baƙin Littafin Mama Akoth

Shekara bakwai Mueni ta yi a ƙarƙashin Mama Akoth, a ɗakin bincike na wani kamfanin inshora a Nairobi. Da kamfanin ya ga ba wa 'yan kwangila aikin ya fi araha, sai ya rufe ɗakin ya sallami kowa. Mueni kaɗai 'yan kwangilar suka ɗauka. Ba don ta fi kowa kai ba, ina! Mama Akoth na da wani baƙin littafi, shekara talatin tana tara lambobin wayar waɗanda suka san ainihin farashin kaya, tun daga masu gwanjon ganyen shayi a Mombasa har dillalan masara a Kitale. Ranar kwashe kaya Mueni ta faki ido ta ɗauki hotonsa shafi-shafi, da hotunan ta samu aikin. Tun daga nan, ko a coci ta hango matar sai ta canza ƙofa.

A sabon wurin rahoto shida ake so a rana, kowane kira ana auna mintinsa. Ran nan ta buga lambar wani dattijon dillalin masara, Mzee Barasa na Kitale. Mace ta ɗauka.

"Ba ni Mzee, farashin buhu nake so," in ji Mueni, ko gaisuwa babu.

Matar ta kashe wayar.

Tana cikin cin githeri, dafaffiyar masara da wake, da rana sai ga kiran Mama Akoth. Ta ajiye cokali ta ɗauka.

"'Yata, matar Barasa ta kira ni tana kuka. Wata biyu ke nan da binne shi. Lambar nan kuwa, duk Nairobi ni kaɗai ya ba."

"Mama, ni dai..."

"Ke dai me? Ai na gan ki ta gilashin ƙofa ranar da kike ɗaukar hoton littafin. Hannunki sai rawa yake, har na ce Allah sa hotunan su fito."

Kunya ta rufe Mueni, ta ji da ma zaginta aka yi.

"Ɗauko biro. Mutum huɗu sun rasu a littafin nan, bari in faɗa miki su, kada ki ƙara sa wata kuka. Kuma ki kira matar ki yi mata ta'aziyya."

Mueni ta rubuta sunayen a bayan rahoto, ba ta ko ganin layin don hawaye.

"Littafin kuma, tun kafin ranar na naɗe shi na rubuta sunanki a kai," in ji Mama Akoth. "Kullum Lahadi yana cikin jakata, in kin gaji da canza ƙofa."