Matar Kubileya

Saura mako biyu a sa ranar Gidaɗo da Hikma, sai bakinsa ya ja masa. Ɗan Gombe ne, yana digiri na uku a Manchester kan tsofaffin rubuce-rubucen duwatsun ƙasar Turkiyya, kuma irin mutanen nan ne da in suna waya a bas, kowa sai ya sha labari kyauta. Ran nan a cikin bas a Oxford Road yana ta zuba wa abokinsa a waya: "Shekara uku ina bin Matar Kubileya, har Turkiyya na bi ta. Da ita nake kwana, da ita nake tashi."

Bai san kawun Hikma, Alhaji Abdul-Aziz na Old Trafford, yana kujerar baya ya baza kunne ba. Kafin la'asar magana ta isa gidan su Hikma a Birmingham, ta yi hannu ta yi ƙafa, har an ce shi Kubileyan wani ƙaton ɗan kasuwa ne, yana neman Gidaɗo ruwa a jallo.

Hikma ta kira shi. "Mum wants you here Saturday. Wane ne Kubileya?" Ya yi ta dariya har sai da ya lura shi kaɗai yake yi. Nan ya shiga taitayinsa, don yarinyar nan yana sonta ba da wasa ba.

Ranar Asabar ya durƙusa a falonsu a Small Heath. Mma Shetu, uwar Hikma, mutuniyar Kumasi, ta haɗe rai. Kawu na gefe yana jan carbi da ƙarfin wanda ya kama ɓarawo.

"Gidaɗo, matar wa kake bi?" in ji ta.

"Mma, ba matar kowa ba ce. A yaren Firijiyawa, mutanen da suka zauna can Turkiyya a zamanin da, kalmar 'matar' na nufin uwa. Matar Kubileya, ana zaton uwar dutse ke nan. Bauta mata suke yi da ganguna da sarewa."

Kawu ya ajiye carbi. "To kin ji. Muna kukan matar aure, ashe gunki ne."

An gudu ba a tsira ba. Gumi ya karyo wa Gidaɗo duk da sanyin garin. "Kawu, ba bauta nake ba, thesis ɗina ne. Sunanta kawai nake bi." Ya miƙa wa Mma wayarsa da hoton sassaƙen. "Girkawa suka ɗauke ta, suka ce Kibele. Rumawa suka ɗora baƙin dutsenta a jirgin ruwa har garinsu, suka ce Babbar Uwa. Ni so nake in gano yadda ake kiranta a gida."

Mma Shetu ta buɗa hoton da yatsu biyu. Dutse ne da ruwan sama ya cinye, ko hanci babu.

"Wannan ce ta hana ni barci kwana huɗu?"

Dariya ta ƙwace mata, har ɗankwali ya zame. Hikma da ke laɓe bayan ƙofa ta faɗo cikin falon tana riƙe ciki. Kawu ya yi ta maza, ya yi ta maza, shi ma ya fashe.

Mma ta share hawaye, amma ba ta mayar da wayar ba. Ta daɗe tana kallon dutsen.

"Ni A'ishatu babana ya raɗa min," ta ce a hankali. "Zongon Kumasi suka ce Shetu. A wurin aiki shekara ashirin da shida Sheila nake amsawa, a wurin likita, GP, kuwa kullum da sabon suna. Tun da babana ya rasu ba wanda ya ƙara faɗinsa cikakke."

Tausayinta ya kama Gidaɗo, har ya manta shi ake tuhuma. Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya ji ƙansa, Mma A'ishatu."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta juya wajen ɗan'uwanta.

"Yaya, sa ranar yaran nan kada a ɗaga ta."