Tukwicin Mai Manhaja

Ni Dogara, surfani ne sana'ata a unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya. Boko kuwa aji uku na yi na gudu, ban kuma yi nadama ba. Kekena na kwamfuta ne, ɗan Kwatano, tsoho amma ba ya ƙarya. Zanen aska ko tambari yana cikin kwamfuta, wata 'yar manhaja ce ke tura shi ta waya zuwa cikin keken, shi kuma ya kama aiki.

Ana saura mako guda walimar saukar ɗan Hajiya Mariyamu, kwamfutar ta yi wani ƙauri ta mutu. Ga shaddojin yaron da na mijinta da na ƙannensa jibge a shago, na riga na yi alkawari. Hajiya kuwa irin matan nan ne da in ka saɓa musu, daga nan har Wusasa sai an ji.

Na kira Radiya, 'yar yayata, wadda ke aikin kwamfuta a Kaduna. Ta zo da laftof da goyonta. Zane-zanen dai ta ciro su daga cikin gawar, amma manhajar turawa ta ƙi tashi a sabuwar na'ura. Ta yi 'yan dube-dube a intanet, ta ce an dace, mutumin da ya rubuta irinta tun kafin a haifi ita Radiyar ya bar rubutun asalin a fili, kowa ya ɗauka.

Na ce to ta ɗauko mu tafi. Ta ce ba haka ake yi ba.

"Kawu, yadi ne ya bari, ba riga ba. Sai na ɗinka shi daidai jikin wannan laftof ɗin."

Wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne kyautar. Na ce mata ni ba na aiki da kayan da ban san mai shi ba, kada in ɗinka wa mahaddacin Alƙur'ani riga da kayan sata. Ta karanta mini sharaɗin mutumin: ka ɗauka, ka gyara, ka ba wani, amma in za ka bayar ka haɗa da rubutun asalin. Na ce to wannan ai waƙafi ne, Allah Ya saka masa. Sai dai a gidanmu ba a karɓar kyauta a sallami mutum hannu rabbana. Nan take na ɗauko hula da allura na fara yi masa tukwici da hannu. Radiya ta yi dariya har ta ta da yaron.

Ta kwance ƙunshin rubutun, ta ba na'ura umarnin ginawa. Rubutu ya dinga gudu a baƙin allo, sai ya tsaya cak. Ta ce rubutun ya tsufa, sabuwar na'ura ba ta jin wasu kalmominsa. Ta gyara layi, ta sake. Ya sake tsayawa. Haka muka yi ta yi, ita da allo, ni da hula, har bayan la'asar ta ce ya ginu.

A nan na ja mata kunne kada Bahago ya ji. Bahago na Ƙofar Kuyambana kekensa irin nawa ne, ya kwana biyu a lulluɓe tun da tasa kwamfutar ta mutu, kwastomominsa kuma wajena suke zuwa. Radiya ta ce ai mai abin ya ce a ba wani. Na ce ya ce ana iya bayarwa, bai ce dole ba.

Sai muka zo jona waya. Bakin wayar keken faffaɗa ne mai 'yan allurai, laftof kuwa ba ta da ramin da zai shiga. Ana bukatar wani ɗan mahaɗi. Muka aika Sabon Gari, babu. Masu shago suka ce mutum ɗaya suka sani da ya taɓa yo odarsa daga Kano, ya zo ya rasa manhajar da zai yi aiki da shi. Ban ma tambayi sunansa ba, na sa takalmi.

Na samu Bahago a zaure yana yanke farce. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa abin da ke hannuna da abin da ke hannunsa.

"Dogara, da wayarka ta shiga da ka zo?"

"Da ban zo ba."

"Shi ya sa nake son ka. Ɗauko min takalmina."

Washegari Radiya ta gina masa tasa a laftof ɗin surukinsa, ta bar masa rubutun asalin a filashi kamar yadda mai shi ya ce. Mahaɗin guda ne, don haka muka riƙa karɓa-karɓa, a loda wa kekena zane a kai wa nasa. Muka raba shaddojin biyu. Ran jajibirin walima Hajiya Mariyamu ta zo ta juya rigunan ciki da waje tana neman aibu, ba ta samu ba, ta ce wuyan guda ya ɗan yi faɗi don kada ta tafi haka nan.

Saura hula. Radiya ta ce ba ta san inda mutumin yake ba, ko yana raye ma. Amma ta aika gyaran da ta yi zuwa inda ta ɗauko rubutun, don wanda zai zo bayanmu, ta ce a wajen masu rubuta manhaja wannan ne tukwici. Na ce wannan nata ne, nawa fa?

Hular tana kan Bahago yanzu. Kullum muka haɗu a masallacin Juma'a sai ya ce ta matse shi. Na ce masa ba don kansa aka ɗinka ba, riƙo aka ba shi, ranar da mai ita ya zo Zariya zai cire.