Kwalaben Maigidana

Maigidana ya rasu ya bar mini kwalabe sittin da ɗaya. Ɗakin da muka gina don baƙi shi ya cika da su: na magani, na lemo, na man shafawa. Kowacce da iri a ciki, dawa, gero, wake, masara, an barbaɗa toka an toshe bakin da tsumma. Shekara talatin yana bin tsofaffi yana roƙon ɗan abin da hannu zai damƙa. Yakan ce in kowa ya shuka iri ɗaya, ranar da cuta ta kama shi kowa zai kwana da yunwa. Ni kuwa nakan ce ya ɗaga ƙafa in yi shara.

Wata biyu da rasuwarsa, babban ɗanmu mai gyaran babur ya ce zai juye wa kaji, yana son ɗakin ya zuba kayan aikinsa. Ni kuwa sai hawaye. Ƙanwarsa ce ta kirawo wata malama daga ma'ajiyar iri, inda ake adana tsaba cikin sanyi don kada ta ɓace daga duniya.

Ranar da malamar ta zo, sai ga yayar marigayi ta zo duba ni, tare da ƙaninsu tela. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka jera kwalabe.

Malama ta buɗe littafi ta ce, "Mama, ba ma karɓar irin da ba a san shi ba. Kowanne sai kin faɗa mini sunansa da halinsa."

Marigayi bai iya rubutu ba. Don kada ya rikice, kowane iri sai ya sa masa sunan wanda halinsu ya zo ɗaya a cikin dangi. Ni kaɗai yake gaya wa, in muna shanya su a rana, mu yi ta dariya kamar yara.

Ta ɗauki kwalbar wata jar dawa. Na dubi dawar, na dubi Yaya.

Na ce, "Ba za a sa lamba kawai ba?"

Ɗana ya ce, "Kun gani ko? Inna ma ba ta sani ba. A ba kaji a huta."

Sai na runtse ido na ce, "Sunanta Yaya Babba."

"Halinta fa?"

"Ɗaci gare ta. Ko tsuntsu ba ya kusantarta."

Yaya ta miƙe tsaye. "Ni? Ni da na goya shi har bayana ya kusa karyewa? Ashe shekara da shekaru ina cikin kwalbar maganin tari ban sani ba! Ke kuma, amarya, kina kallona kina kawo mini ruwa!" Har yau amarya take ce mini, ga furfura.

Malama ko a jikinta, sai rubutu take. "Tsuntsu ba ya ci? Mama, kin san yadda muke neman irin wannan? In ruwa ya ɗauke fa?"

Na ce, "Shekarar da komai ya ƙone, ita kaɗai ta tsaya. Ita muka ci har damina ta dawo."

Yaya ta koma ta zauna, ta gyara mayafi. Ta ce, "To, rubuta da kyau, 'yar nan. Ki sa har da tsayuwar."

Tela yana ta dariya har da buga cinya, sai aka ɗauko wani farin wake.

Na ce, "Wannan Tela ne. Ganye ba a magana. Kullum ka je gona kamar gobe zai yi 'ya'ya. Sai kowa ya gama girbi ya manta da shi, sannan ya kawo."

Ya ce, "Amma dai yana kawowa?"

Yaya ta ce, "Ni dai rigata wata bakwai tana wurinka."

Haka muka yi ta yi har rana ta karkata. Ɗana yana jingine da ƙofa, can ya ce, "Inna, ni babu ne?"

Na nuna masa wata gajeriyar masara. "Ga ka nan. Ba ta da haƙuri ko kaɗan, kafin a ce me ta nuna. Amma babanka ya ce ita ke fara ciyar da gida."

Ya juya kwalbar a hannunsa ya daɗe. Bai sake maganar kaji ba.

Hamsin da bakwai na tuna. Malama ta ɗebi rabin kowanne, ta ce sauran lallai a riƙa shukawa, don iri in ya daɗe a kwalba mutuwa yake. Yaya ta ƙulle tata a bakin mayafi, ta ce ba wanda zai shuka ta sai ita. Kafin mako ya zagayo dangi sun yi ta sallama, kowa yana tambayar ko yana ciki. Waɗanda babu su suka fi kowa fushi.

Huɗu sun ɓace mini. Na yi ta kiran sunayen dangi ina kallonsu, ba sunan da ya dace da su. Wanda zan tambaya kuma ba ya nan. Sai na shuka su a tsofaffin robobi bayan ɗaki, ina ba su ruwa safe da yamma, in ga halinsu ko zan gane su. Uku ba su nuna komai ba tukuna. Ɗayan wake ne, ya bar robarsa ya haye katanga yana leƙen abin da ake dafawa a gidan wasu. Ina zargin ƙanena ne, kawun yaran nan.