Awo da Tsohuwar Riga

Yayana tela ne. Ciwon hanta ya daɗe a jikinsa ba wanda ya sani. Sai da ya fara allurar maganin duk mako, fatarsa ta tona shi. Ƙuraje jajaye suka feso masa a hannu da wuya, suna bushewa suna zuba kamar garin alli. Likita ya ce aikin maganin ne, ba a ɗauka, ya shafa mai ya daure.

Wa zai gaya wa mutanen layinmu?

Suka daina tsayawa awo. Mutum ya aiko da yadi da tsohuwar riga, wai a gwada da ita. Har Kawu, da ake wa ɗinki kyauta, daga bakin ƙofa ya jefo tasa.

Yaya ya koma sa dogon hannu cikin zafin nan. Gumi ya ƙara hura ƙaiƙayin. Yana taka keke yana susa da gindin almakashi.

Ranar allura na ɗauko ta daga firij.

"Mayar da ita," in ji shi. "Na daina."

Inna ta ce, "Gara haka. Da ciwon na ciki ai asirinmu a rufe yake."

"Inna, kabari ma rufin asiri ne."

Ta wurgo mini mafici. Ban kauce ba.

Da ya buɗe shago na bi shi. Na tsaya a bakin titi, na cire riga.

"Fito ka auna ni. Naɗe hannun."

"Kana hauka ne?"

"Naɗe shi!"

Mai gyaran waya ya leƙo daga rumfarsa. "Ƙanin tela, ka bar wasiyya dai?"

"Na bar maka sabulu. Kai ka fi buƙata."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Yaya ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɓalle maɓalli, ya naɗe har gwiwar hannu. Ya zagaya wuyana da tef. Yatsunsa kaushi.

"Miƙe sosai, ɗan banza."

Ya auna kafaɗa, ya auna ƙirji. Bai rubuta komai ba. Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Je ka kawo allurar kafin zuciyata ta juya."

Rigar Kawu na nan yashe a bakin ƙofa. Na taka ta na wuce.